Baƙin Tagullar Khaula

Batsari. Lahadi, bayan azahar

Masu jaje sun tafi, alhamdu lillahi. Saura kaɗan in miƙa wa wata takalminta, don zaman da ta yi mana zaman ta'aziyya ne, har da sauke ajiyar zuciya da "Allah ya ba da haƙurin rashi." Rashin wa? Faisal bai mutu ba. Ya tafi wajen Ruma ya koro sauran shanun gidansu, bai dawo ba. Iyakar abin da muka sani ke nan, iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Matarsa, Khaulata, ta iso jiya daga jami'a da jaka ɗaya da wani akwatin roba da ta rungume kamar jinjiri. Ita ce ta uku a 'ya'yana, ba 'yar fari ba, don haka babu kunyar da za ta hana ni yabonta. Ni Sauda, malamar Islamiyya, na haifi yarinyar da ke neman digirin dakta a kan abin da ido ba ya gani. Ba ta yi kuka ba. Ta gaishe ni, ta yi alwala, ta zauna da waya a cinya.

Mahaifiyar Faisal ma tana nan, Inna Tasalla. Sun gudo daga ƙauyensu Yasore da ƙorenta da tabarma, na ce babu inda za ta sai gidana. Faisal ɗan farinta ne, tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai "wancan." Yau ko "wancan" ɗin ba ta ce ba. Ta wanke mini tukwane kaf, har da waɗanda na riga na wanke.

Wayar ta yi ta ƙara. Ba kiran da muke jira ba ne.

Talata, da hantsi

Na gaji da kallon yarinyar nan tana kallon waya, sai na ce ta buɗe mini akwatin. Ina ta zaton zan ga abin mamaki, sai ga 'yan fallayen ƙarfe kamar tsawon yatsa, kowane a ɗakinsa, kowane da 'yar huda a kai, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Na ce, "Wannan kika yi shekaru kina ƙonawa? Ai da kin faɗa mini, da na ba ki murhuna."

Ta ɗan murmusa, karo na farko. Ta ce, "Umma, kada ki taɓa, ko da numfashi mai ƙarfi."

Ga yadda ta yi mini bayani, in na riƙe daidai. Tagulla ce zalla. Tana sa ta a tanderun lantarki na makaranta, zafin ya fi na gashin burodi nesa ba kusa ba, ta bar ta sa'o'i iska na ratsawa. Sai tagullar ta yi tsatsa irin tata, baƙa. Amma in an daidaita zafin, tsatsar ba ta kwanciya, tsirowa take yi tsaye, zarara-zarara, kamar gashi. Kowane sili ɗaya, sai an tsaga gashin kaina gida dubu kafin a sami kaurinsa. Su a can nanowaya suke ce musu. Ta ce a kan falle ɗaya akwai su fiye da mutanen ƙasar nan.

Na kalli baƙin nan na sake kallo, ban ga komai ba sai baƙi. Na ce Subhanallah, har cikin raina na faɗa. Wai a ce a cikin abin da zan kira dauɗa akwai gona guda a tsaye.

Laraba, bayan magariba

Shiru. Tasalla ta dirje randa ciki da waje.

Alhamis, da la'asar

Na yi wa Khaula dabara, kuma ta kamu. Na ce ban yarda ba, baƙi kawai ta nuna mini, ko ni ina iya cewa akwai raƙumi a bayan tukunyata. Sai ga ta ta miƙe, jinin gardama na gidanmu ya motsa.

Ta kawo kofunan gilashi biyu, ta zuba ruwa, ta ɗiga wani shuɗin rini da take yawo da shi a 'yar kwalba, da ɗigon wani ruwa fari. Ta ɗauko falle ɗaya da hantsaki, wanda ta ce dama na gwaji ne, ta sa a kofi ɗaya, ɗayan ta bar shi haka. Ta jera su a kan katanga tun rana na tsaka. Ta ce in hasken rana ya sauka a kan gashin nan, yana tayar da ƙwayoyin lantarkin da ke cikinsa, su kuma su yi ta farfasa rinin har ya daina zama rini. Saboda siraran ne kuma masu yawa, ko'ina ruwan ya juya yana gogar su. Burinsu ruwan marina da na masana'antu, a riƙa tsabtace shi da rana kawai.

Na yi ta zirga-zirga wajen katangar kamar mai jiran kaza ta yi ƙwai. Zuwa la'asar kofi ɗaya na nan shuɗi shar, ɗayan ya koɗe, har ina hango yatsana ta bayansa. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Na kira Tasalla ta gani, ta leƙo daga madafa ta ce "Madalla," ta koma kan ƙwaryarta. Da na sani da na jawo ta na zaunar da ita ta ji bayanin.

Duk tsawon wunin nan Khaula sau biyu kacal ta duba waya. Na lura.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Mun yi faɗa.

Malamarta ta kira. Ashe akwai wata na'ura a wata jami'a mai nisa, ita kaɗai ke iya gwajin ƙarshe na aikin, kuma an ba Khaula layi a ƙarshen wata mai zuwa. In ta rasa shi sai baɗi, baɗi kuwa wa'adin karatunta ya ƙare. Ina jinta ta ce wa matar, "A ba wani."

Na ce, "A ba wa? Uban wa ya ƙona miki tagullar?"

Ta ce, "Umma, in tafi in ana nemana fa? In ya dawo ya tarar ba na nan?"

Na ce, "Wayar a hannunki take, ba a katangar gidan nan aka kafe ta ba. Shi da ya riƙa ɗaukar ki a babur yana kai ki tasha, shi zai ji daɗi kin zubar?"

Ban kyauta ba da na sa shi a maganar, na ga yadda fuskarta ta yi. Amma raina ne ke ƙuna. Abu ɗaya an riga an ɗauke mana, ba yadda na iya. Na biyun nan kuwa ina kallo za a ajiye shi da hannu. Malamar dai ta ce ba za ta soke ba tukuna.

Lahadi, da asuba

Ba zan rubuta abin da muka jiyo ta yamma ba. Mun ɗaure kaya, mu ma gudun ya iso kanmu.

Safana. Litinin, bayan la'asar

Muna gidan yayana, Malam Abdulkahar. A bayan a-kori-kura muka zo, mu da buhunan gyaɗar wani. Duk ramin da motar ta faɗa, Khaula sai ta ɗaga akwatin sama ta bar jikinta ya sha dukan. Ga mai cewa a ba wani. Na kalle ta, ta kau da kai.

Ɗaki ɗaya aka ba mu mu uku. Kafin in kwance ɗankwali Tasalla ta nemo tsintsiya.

Laraba, da hantsi

Yaya ya ji labarin kofin shuɗi, ya ce sai ya gani. Ya zauna a kujerarsa da carbi yana gadin kofi kamar ɗalibi. Da ruwan ya washe ya ce, "To Khaula, ruwan da launinsa ya jirkita, sannan jirkitar ta gushe, malamai sun yi saɓani a kansa. Wanga naki, a yi alwala da shi?"

Ta ce, "Kawu, kada a yi. Launin ne ya tafi. Abin da ya rage a ciki sai na auna kafin in ce komai."

Yaya ya juyo gare ni ya ce, "Kin ji malama. Ba ta ba da fatawa a kan abin da ba ta sani ba." Na ji kaina ya yi girma har ɗankwali ya matse ni.

Ya tambaye ta gwajin da ya rage. Ta ce za a sa fallen a wata tukunyar ƙarfe da aka zuƙe iskar cikinta tas, a kawo wani ƙarfe dab da shi ba tare da sun taɓa juna ba, a ba su wuta. Saboda bakin kowane sili ya fi allura tsini, ƙarfin wutar a nan yake taruwa, sai ƙwayoyin lantarki su riƙa tsalle daga tsinin suna tsallaka sarari, ba tare da an zafafa komai ba. Ta ce da irin wannan ake fatan ƙera na'urar hoton ƙashi 'yar ƙarama, wadda za a iya ɗauka a kai ƙauye. Abin da take son sani, wane zafi ne ke ba da gashin da ya fi saurin sakin su.

Yaya ya yi ta jinjina kai. Sannan ya ɓata mini rai, ya ce duk da haka mace a irin wannan hali zamanta kusa ya fi. Na ce masa ya tsaya a babin ruwa, nan ya fi ƙwarewa.

Alhamis, bayan isha'i

An kira. Yaya ne ya yi magana da masu riƙe da Faisal a zaure, ya hana mu fitowa. Ya ce ya ji muryarsa. Sauran bai faɗa ba, ban tambaya ba.

Khaula ta yi sujada a tsakar gida. Tasalla ta juya mana baya tana gyara itace a murhun da babu wuta.

Asabar, da azahar



Mun fita da safe ni da Khaula gaida wata 'yar'uwa da ta haihu, ni na matsa mata don ta sha iska. Muka dawo muka tarar da Tasalla a bakin ƙofa, ga ƙoƙon jiƙaƙƙiyar tsamiya, ga toka, ga tsumma. A kan faifai kuma ga fallayen Khaula a jere, jawur, suna walƙiya a rana kamar yau aka ƙera su. Duka. Ko ɗaya ba ta tsallake ba.

Ita da ba ta yi fara'a ba tun da ta zo, yau fuskarta a sake. Ta ce, "Ɗiyata, ga kayanki na gyara miki. Sai a nemo zare a shirya su."

Na buɗe baki, Khaula ta damƙe mini hannu har farcenta ya shige ni. Ta durƙusa ta ce, "Sannu da aiki, Inna. Na gode." Ta tattara su ɗaya bayan ɗaya ta mayar da su ɗakunansu, ta shiga ciki. Sai a sannan na ji kukan da ba ta yi ba tun ranar da ta iso.

Ban san wadda ta fi ba ni tausayi ba. Na san dai wadda nake son shaƙewa.

Lahadi, da safe

Khaula ta ce, "Shi ke nan, Umma, an hutar da mu gardama."

Litinin, bayan la'asar

Khaula ta roƙe ni kada in faɗa wa Tasalla ɓarnar da ta yi. Na yi alkawari, na riƙe shi kwana ɗaya, wanda a wurina ƙoƙari ne.

Na sami Tasalla a bayan ɗaki tana dirzar turmi. Na gaishe ta, na zauna, na yi niyyar bi a hankali, amma bakina ya riga ni. Na ce baƙin nan da ta goge shi ne karatun, shi ne shekarun, tagullar banza ce in babu shi. Ta daina dirza.

Can ta ce, "Malama, na ga huda garesu. Na ce kayan wuya ne." Ta taɓa munduwar tagullar da ke hannunta, wadda kullum take sheƙi. "Mu a wurinmu, mace ba ta barin tagullarta ta yi baƙi sai mai takaba. Kullum in na shiga ɗaki in gan ta ta buɗe akwati tana kallonsu baƙi ƙirin, sai gabana shi faɗi. Na ce yarinyar ga ta fid da rai. Ni ko ban fid da ba. Na ce in wancan ya dawo, kada shi iske kayan matarsa haka."

Duk faɗan da na ɗauko sai ya zube. Ashe duk tukwanen nan da randa da turmi, kiran ɗanta take yi da hannu tunda baki ba ya iyawa. Muka zauna a bayan ɗakin nan mu biyu, tsofaffin banza, ni ina sharar hawaye, ita tana kallon ƙasa.

Ta ce, "Ba shi gyaruwa?" Na ce ban sani ba, sai ta tambayi mai shi.

Talata, da hantsi

Ina shara a ƙofa na ji komai, kuma ba na neman afuwar kowa.

Tasalla ta shiga ta zauna a ƙasa, suruka guda, a gaban matar ɗanta. Khaula ta zabura ta sauko ita ma. Tasalla ta ce, "Ɗiyata, abin ga da na kashe, ana tada shi?"

Khaula ta ce, "Inna, ba komai, wallahi."

"Ba shi na tambaye ki ba."

Sai Khaula ta faɗi gaskiya. Ta ce gashin daga jikin tagullar yake fitowa, tagullar kuwa tana nan. Sai an sake wanke ta da ruwan magani irin nasu, a mayar tanderu, kowane falle da zafinsa da sa'o'insa, wasu su yi, wasu su ɓare. Makonni ne. In ta tafi yanzu, wataƙila ta cim ma layin, wataƙila a'a. Kuma tanderun na makaranta.

Tasalla ta ce, "To mi kike jira?"

Ai duk mun san me take jira.

Tasalla ta ce, "Wanga jira ba na mutum biyu ba ne. Ni na iya shi, tun yana bin shanu nike yinsa. Ki bar mani. Ke tafi ki yi wanda ni ban iya ba." Sai na ji ƙarar ƙarfe. Na leƙa, ta zare munduwar, da ƙyar ta fita, ta ajiye a cinyar Khaula. "In ba su isa ba, ki ƙona wagga. Ta yi baƙin, na yarda."

Ni na yi mako biyu ina haushi kamar karen unguwa ban motsa yarinyar nan ba. Matar da ba ta san ko alif na boko ba ta yi magana huɗu, sai ga Khaula tana neman jakarta. Ina kishi, kuma ina sara mata.

Laraba, bayan sallar asuba

Ta tafi. Yaya da kansa ya raka ta tasha, yana ta yi mata addu'a kamar ba shi ya ce ta zauna ba. Munduwar na hannunta. Ta raɗa mini cewa ba za ta ƙonu yadda ake so ba, akwai gauraye a cikinta, amma kada in faɗa. Wannan kam zan riƙe.

Juma'a, da la'asar

Ba su sake kira ba. Yaya ya ce haka suke yi.

Talata, bayan magariba

Khaula ta kira. Na farkon duk sun ɓare, baƙin ya tashi kamar ɓawon gyaɗa, wai ta yi saurin buɗe tanderun. An kuma ɗauke musu wuta ana tsakiyar na biyu. Muryarta a gajiye, amma tana ta zuba bayani kamar da, har sai da na ce ta tsaya in numfasa. A ƙarshe ta ce, "Akwai labari?" Na ce babu. Ta ce, "To." Ta ce gobe za ta sake sawa.

Ban san inda yarinyar nan ta samo wannan taurin ba. Yaya ya ce shi ya sani.

Tasalla takan zauna a ƙofar zaure yanzu, fuskarta na kallon hanya. Inda munduwar take a da, fatar ta yi fari-fari. Tana yawan shafa wurin.

Asabar, da safe

Shiru daga wajen masu riƙe da Faisal. An fara yankan gero.

Alhamis, bayan azahar

Hoto ya shigo wayata, sai da na fita bakin titi ya buɗe. Khaula ta ce daga na'urarsu mai girmama ƙananan abubuwa ne, fallen da ya fara yi ke nan, kuma malamarta ta ce in sauran suka biyo haka za su kai ranar layin.

Na tsaya a bakin titi kamar wawiya, masu babura na yi mini oda. Fari da baƙi ne hoton, amma gona ce sosai, silli-silli a tsaye cunkus, wasu sun ɗan karkata kamar iska ta bi ta kansu. Duk abin da ta faɗa mini a Batsari gaskiya ne, yau na gani da idona. Allah mai iko, kuma Allah ya yi wa 'yar nan albarka.

Na kai wa Tasalla a ƙofar zaure. Ta karɓi wayar da hannu biyu, ta nisanta ta, ta kusanto da ita. Ta daɗe.

Ta ce, "Wanga na goge?"

Na ce, "Shi ne."

"Har ƙasa na kai shi. Da toka."

"Har ƙasa."

"Kuma ya sake fitowa."

Na ce ya sake. Ta sa yatsa za ta shafa, sai ta janye, ta tuna ba a taɓawa. Ta miƙo mini wayar tana kallon hanya, ta ce, "Ki adana shi da kyau, Malama. Faisal bai gani ba."

Ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai yau. Na zauna kusa da ita, muka ci gaba da kallon hanyar tare.